Masu Facin DNA: Gyaran da Ba Ya Tsayawa a Jikinmu, da Abin da Ke Faruwa Idan Ya Gaza

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta isarsu su saurara, da waɗanda suka fi jin daɗin karantawa.

Bari in fara da wani lissafi. Daga jiya war haka zuwa yanzu, DNA ɗin da ke cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinku, wato sel, ya samu lahani sau dubbai. Ban ce a jiki gaba ɗaya ba fa, a sel guda ɗaya tak. Kuma ko da mutum bai sha taba ba, bai shiga rana ba, yana kwance a ɗaki, sai hakan ta faru. To idan haka ne, me ya sa ba mu kamu da kansa gaba ɗayanmu tun muna yara ba? Amsar ita ce akwai masu gyara, kuma ba sa hutu dare da rana. Yau a kansu za mu yi magana: su wane ne, wa ya gano su, me ke faruwa idan suka gaza, da yadda maganar ta shafi gyaɗar da ke cikin kununmu.

DNA ɗin kansa tukuna

Ku ɗauki DNA a matsayin dogon rubutu mai haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. A cikinsa aka rubuta yadda za a haɗa kowane furotin da jiki ke aiki da shi. Rubutun yana da kimanin haruffa biliyan 3, kuma kusan kowane sel yana ɗauke da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Da za a warware zaren da ke sel guda, zai kai wajen mita 2. An naɗe shi ne cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: zaren ba ɗaya ba ne, biyu ne a manne, kamar zif ɗin riga. A kullum tana fuskantar T, G kuma tana fuskantar C. Saboda haka in ka san abin da ke gefe ɗaya, ka san na ɗaya gefen. Kamar littafin rasit ne mai kwafi a ƙasa: in na sama ya yage, sai a duba na ƙasa. Kusan duk gyaran da za mu yi magana a kai, a kan wannan dabarar ya dogara.

Mutumin da ya ce DNA yana ruɓewa

Har zuwa farkon shekarun 1970, masana da yawa suna ɗaukar DNA abu ne mai ƙarko sosai. Ai tunanin yana da hujja: abin da ake gada tun kaka da kakanni, ya za a yi ya zama mai rauni?

Wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Tomas Lindahl bai yarda ba. Ya ajiye DNA a yanayi irin na cikin jiki, cikin ruwa da ɗumi, ya auna abin da ke faruwa. Sai ya ga haruffa suna ɓallewa da kansu. Lissafinsa ya nuna sel ɗin mutum yana asarar haruffa wajen 10,000 a kowace rana ta wannan hanyar kaɗai. Ya kuma lura harafin C yakan rikiɗe ya koma wani harafi da ake kira U, wanda ba muhallinsa ba ne a cikin DNA. In aka bar shi, ranar da za a kwafi zaren sai a karanta shi tamkar T, ma'anar rubutun ta canja.

Lindahl ya ce to, in ɓarna ta kai haka kuma muna raye, dole akwai mai gyarawa. A 1974 ya gano furotin na farko mai wannan aikin: yana bin zaren, ya tsinci U, ya cire ta. Wasu furotin su yanke gurbin, wani ya duba ɗaya gefen ya ga G, ya mayar da C, wani kuma ya liƙe. Faci kenan na harafi ɗaya.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan. Gidan bai shekara hamsin a tsaye don ƙasa ta fi ƙarfin ruwa ba, sai don ana yi masa yaɓe kafin kowace damina. Haka DNA yake.

Likitan ƙauye da hasken rana

Na biyu shi ne Aziz Sancar. An haife shi a 1946 a garin Savur da ke lardin Mardin a Turkiyya, shi ne na bakwai cikin 'ya'ya takwas, kuma iyayensa ba su yi karatu ba. Ya karanci likitanci a Istanbul, ya yi aikin likita a karkara, sannan ya tafi Amurka ya shiga bincike.

Shi abin da ya dame shi ɓarnar rana ce. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana ce masa UV. Idan ya bugi DNA a inda T biyu suke maƙwabtaka, sai ya manne su da juna, zaren ya yi ƙullutu. Na'urar da ke kwafar DNA in ta zo wurin sai ta cije.

Irin wannan ɓarnar cire harafi ɗaya ba ya maganinta. A 1983 Sancar ya nuna yadda bakteriya ke yi: furotin su gano ƙullutun, su yanka ta gabansa su yanka ta bayansa, su ɗauke guntun zare mai haruffa 12 zuwa 13, sannan a cike gurbin ana kallon ɗaya gefen. Daga baya, a Jami'ar North Carolina, ya nuna yadda abin yake a jikin mutum, inda guntun da ake cirewa ya kusa haruffa 30. Kamar tela ne da ya ga ƙunar guga a riga, ya yanke wurin gaba ɗaya ya sa sabon ƙyalle.

Mai duba kuskuren kwafi

Na uku Paul Modrich ne na Jami'ar Duke a Amurka. Shi ba ɓarnar waje ya duba ba, kuskuren hannu ya duba. Duk lokacin da sel zai rabu biyu, sai ya kwafi rubutun nan gaba ɗaya. Mai kwafin yana da ƙwarewa, har yakan koma baya ya goge kuskurensa, amma wasu suna kuɓuce masa, misali ya sa T a gaban G.

Ga tambaya mai daɗi: in ka tarar da G da T suna fuskantar juna, wanne ne kuskuren? In ka gyara tsohon zare maimakon sabo, ai ka tabbatar da kuskuren kenan. A bakteriyar da Modrich ya yi aiki da ita, tsohon zare yana ɗauke da wani tambari na sinadari, sabon kuwa ba a riga an buga masa ba. Masu gyara sai su bi marar tambari. A 1989 ya haɗa tsarin gaba ɗaya a cikin kwalbar gwaji, ya yi aiki. Wannan tsarin yana rage kurakuran kwafi har kusan ninki 1,000, ta yadda a ƙarshe abin da ke saura bai wuce kuskure ɗaya cikin haruffa biliyan ɗaya ba.

Waɗannan mutum uku su aka ba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2015.

Idan mai gyara ba ya nan

Yanzu ta ina muka san gyaran nan yana da muhimmanci haka? Daga mutanen da aka haifa babu shi.

Akwai wata cuta ta gado da ba kasafai ake samunta ba, a taƙaice ana kiranta XP. Yaron da ke da ita, 'yar rana kaɗan sai fatarsa ta ƙone ko ta yi ɗigo-ɗigo, ido ya lalace, kuma da yawansu suna samun kansar fata kafin su kai shekara 10. Haɗarin kansar fata a wurinsu ya ninka na sauran yara sau dubbai. A 1968 James Cleaver ya gano dalili: sel ɗinsu ba ya iya yanke ƙullutun da rana ke yi. Ana gadonta ne irin yadda ake gadon sikila, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kuma an fi samunta a wurare irin su Japan, Tunisiya da Maroko. Irin waɗannan yaran akan ɓoye su daga rana, wasansu sai da dare.

Ku lura, rana ɗaya ce ke dukanmu da su. Bambancin kawai mu ana facewa, su ba a facewa.

Haka ma idan tsarin Modrich ya lalace. A 1993 aka gano shi ne tushen wata larura ta gado mai suna Lynch, wadda ke sa kansar babban hanji da ta mahaifa su yi ta bin dangi ɗaya, sau da yawa kafin mutum ya tsufa.

Rashin daidaiton kundin gado

Mafi munin ɓarna ita ce zaren ya tsinke ta gefe biyu a wuri guda. A nan rasit da kwafinsa duk sun yage. Sel yana da hanya biyu. Ta farko ta gaggawa ce: a kamo bakin nan da bakin can a liƙe, ko da an rasa 'yan haruffa. Matsalar ita ce in tsinkewar ta yi yawa, ana iya liƙa kan wannan kuromosom da jelar wancan. Ta biyu ta natsuwa ce: a nemo tagwayen zaren da aka riga aka kwafa, a duba shi, a mayar da rubutun daidai. Furotin biyu da wataƙila kun taɓa jin sunansu, BRCA1 da BRCA2, a wannan hanya ta biyu suke aiki.

Sannan akwai mai gadi, furotin da ake kira p53. Shi ne ke tsayar da sel ya hana shi rabuwa har sai an gama gyara. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya umarci sel ɗin ya kashe kansa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To ku haɗa su. Su kansu masu gyaran da mai gadin, umarnin ƙera su a cikin DNA aka rubuta shi. Ranar da ɓarna ta faɗa daidai kan wannan shafin, mai gyara ya tafi. Daga nan kuskure ya riƙa haifar kuskure: wani kuromosom ya ninku, wani ya ɓace, wasu su yi musayar gaɓoɓi. Wannan halin shi masana ke kira rashin daidaiton kundin gado, kuma shi ne abin da manyan ɗakunan bincike ke bibiya a yau. Tun 1914 wani Bajamushe, Theodor Boveri, ya yi hasashen cewa hargitsin kuromosom ne ke haifar da ƙari. Yau an san kimanin rabin duk kansar ɗan Adam akwai lalacewar p53 a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ne ma ya sa kansa ta fi yawa a tsufa. Ba a dare ɗaya take faruwa ba, kurakurai ne ke taruwa shekara da shekaru. Kuma shi ya sa take da wuyar magani: sel ɗin da kundinsa ke canjawa kullum, cikin miliyoyinsu ba a rasa wanda ya dace da hanyar kauce wa magani.

Maganar BRCA da matanmu

A 1990 Mary-Claire King ta nuna cewa akwai wata ƙwayar gado a kuromosom na 17 da ke sa kansar nono ta bi dangi. Ita ce BRCA1, aka tantance ta a 1994, BRCA2 kuma a 1995. Macen da ta gaji lalatacciyar guda, haɗarin ta samu kansar nono kafin shekara 80 ya kusa 70 cikin 100, ga kuma haɗarin kansar ma'ajiyar ƙwai. Ana iya gadonta ta wurin uwa, ana iya gadonta ta wurin uba, kuma maza ma ba su tsira ba, don tana ƙara musu haɗarin kansar mafitsara ta maza, wato furostet, har da ta nono.

Kada wani ya ce ai wannan ta Turawa ce. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Shikago, da abokan aikinta sun gwada mata fiye da 1,000 masu kansar nono a Ibadan. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna fiye da mace ɗaya cikin kowace goma tana ɗauke da lalatacciyar BRCA1 ko BRCA2. Saboda haka in a gidanku an samu inna, ko gwaggo, ko yaya da suka yi wannan ciwon, musamman da ƙuruciya, wannan labari ne da ya kamata likita ya ji. Ba abin ɓoyewa ba ne, kuma ba jifa ba ne.

Yadda aka juya raunin ya zama makami

Ga ɓangaren da ya fi burge ni. Ku ɗauka akwai gari mai gada biyu. In ka rufe ɗaya, mutane su bi ɗayar, rayuwa ta ci gaba. Amma garin da gadarsa ɗaya ta riga ta karye, in ka rufe ta biyun, shi kenan.

Sel ɗin kansa na mai BRCA ya rasa hanyar gyara ta natsuwa gaba ɗaya, alhali sauran sel na jikinta suna da kwafi ɗaya mai aiki. A 2005 ƙungiyoyin bincike biyu a Ingila, ta Thomas Helleday a Sheffield da ta Alan Ashworth a Landan, suka nuna cewa in aka toshe wani mai gyara da ake kira PARP, sel ɗin da ba shi da BRCA mutuwa yake yi, mai lafiya kuwa ya jure. A ƙarshen 2014 aka amince da maganin farko na wannan ajin, olaparib, a Turai da Amurka. Ba ya warkar da kowa, yana da tsada, kuma wasu ƙarin sukan koyi kauce masa. Amma ya tabbatar da cewa binciken da aka fara da bakteriya a kwalba yana iya ƙarewa a matsayin ƙwayar magani.

Hatta kemo da gashin da ake yi wa masu kansa da na'ura, akasarinsu aikinsu ke nan: su yi wa DNA ɓarnar da sel ɗin kansa ba zai iya facewa ba.

Gyaɗa, taba da rana

Mu dawo gida. Kansar da aka gada kaɗan ce, wajen 5 zuwa 10 cikin 100. Yawancinmu masu gyaranmu lafiya lau suke. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu jibga musu aikin da ya fi ƙarfinsu.

Na farko, funfuna. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Binciken wannan ne ya gano gubar afulatokzin, wadda wata funfuna ke fitarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba. Idan ta shiga hanta, sai hantar ta sarrafa ta ta koma wani sinadari da ke manne wa harafin G. Masu gyara su cire da yawa, amma wanda ya kuɓuce sai G ta koma T. A 1991 masu bincike suka duba kansar hanta daga Sin da kudancin Afirka, suka tarar da wannan canjin a wuri guda daidai, a cikin p53, mai gadin nan. Wato guba ta harbi mai gadi. In kuma mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin yana ninkuwa sosai fiye da na kowanne shi kaɗai. Dukansu biyu muna da su a yankinmu. Dafuwa da suya ba sa kashe wannan gubar. Abin yi shi ne a busar da amfani sosai, ba a kan tsurar ƙasa ba, a ajiye inda babu laima, a tsince ƙwayoyin da suka yi baƙi ko suka motse a zubar, kada a ce bari a yi ƙuli-ƙuli da su. Manoma kuma akwai Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona don rage gubar. Sannan a yi gwajin ciwon hanta, a yi wa jarirai rigakafinsa tun ranar haihuwa.

Na biyu, hayaƙin taba. Wani bincike da ya fito a 2016 ya ƙiyasta cewa mai shan kwali ɗaya kullum, a shekara guda kowane sel na huhunsa yana tara ƙarin kurakurai wajen 150. Waɗannan su ne waɗanda suka tsallake gyara suka zauna daram.

Na uku, rana, musamman ga 'yan uwanmu zabiya. Su masu gyaransu suna aiki, abin da ba su da shi shi ne launin fatar da ke tare UV, don haka ɓarnar takan fi ƙarfin facin. Malafa, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana, da kai duk wani gyambon da ya ƙi warkewa asibiti da wuri, waɗannan suna ceton rai. In akwai zabiya a ajinku ko a gidanku, kada a tura shi talla ko gona da tsakar rana.

Wani zai tambaya: akwai maganin da zan sha ya ƙara min ƙarfin gyaran DNA? Ku yi hattara da masu tallan irin wannan a intanet. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne rage ɓarnar da kuma gano ciwo da wuri.

A nan zan dakata. Ina so in ji daga gare ku a sashen sharhi: a garinku ya ake busar da gyaɗa da masara, kuma me ake yi da waɗanda suka yi funfuna? Wanda kuma ya taɓa yin gwajin ciwon hanta ya faɗa wa sauran yadda abin yake, don a rage tsoro. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.